Yadda Za Ka Zaɓi Sabon Bugun Faifan Jaz Da Fiyushan Ba Tare Da Ka Yi Asarar Kuɗinka Ba

Duk wanda ya tashi neman Kind of Blue na Miles Davis a faifan garmaho zai tarar da bugu ɗaruruwa, tun daga na Columbia na 1959 har zuwa na kwana-kwanan nan. Kiɗa biyar ɗin nan na asali suna cikin kowanne, makaɗan kuma ba su canza ba. Amma wani in ka ɗora masa allura sai ka ji kamar makaɗan na ɗakin tare da kai, wani kuwa sai ka ji kamar daga bayan bango ake kiɗan. Abin da ya raba su shi ne hanyar da sautin ya biyo daga tef ɗin situdiyo zuwa robar da ke hannunka. Wannan hanyar kake saya. Kyan kwali da nauyin faifai da takarda mai ƙyalƙyali da aka manna a kan leda duk suna bayanta.

Mataki na farko: tabbatar kana buƙatar sabon bugun ma tukuna

A nan jaz da fiyushan, wato jaz ɗin da aka gauraya da rok da kayan kiɗa na lantarki, suke rabuwa, kuma da yawa daga masu tara faifai ba sa lura.

Faifan jaz na shekarun 1950 da farkon 1960, musamman na ƙananan kamfanoni irin su Blue Note da Prestige da Riverside, kaɗan-kaɗan aka buga su. Waɗanda suka saya a lokacin sun ci moriyarsu da allura mai nauyi, har layukan sautin suka side. Shi ya sa bugun farko mai lafiya ya zama kayan masu hannu da shuni. Faifan Hank Mobley mai lamba 1568 na Blue Note, da True Blue na Tina Brooks, ana sayar da su dubban daloli. A irin wannan, sabon bugu mai kyau ba maneji ba ne, shi ne hankali.

Fiyushan kuwa kasuwa ya ci. Head Hunters na Herbie Hancock, wanda ya fito a 1973, ya wuce kwafi miliyan ɗaya. Heavy Weather na Weather Report na 1977 ma haka. Columbia da Atlantic da CTI sun cika duniya da faifan Mahavishnu Orchestra da Billy Cobham da Freddie Hubbard, kuma an yanka su ne, wato an zana layukan sautinsu a farantin da ake buga faifai daga gare shi, lokacin da tef ɗin yake sabo fil. Saboda haka sau da yawa tsohon bugu mai tsabta ya fi sabon araha, kuma ba ya jin kunya a gabansa wajen sauti. Matsalarsa ɗaya: bayan tashin farashin man fetur na 1973 wasu masana'antu sun riƙa rage kaurin faifai suna haɗawa da tsohuwar roba da aka narka, sai ka ji ƙaf-ƙaf a wuraren da kiɗa ya yi sanyi. In ka samu mai shiru, ka riƙe shi.

Inda sabon bugu ke da amfani a kiɗan shekarun 1970 shi ne kayan ƙananan kamfanoni: Strata-East da Charles Tolliver da Stanley Cowell suka kafa a 1971, da Black Jazz wanda Real Gone Music ya fara sake bugawa a 2020, da kayan Japan irin su Scenery na Ryo Fukui na 1976 da faifan kamfanin Three Blind Mice. Waɗannan asalinsu ya yi wuya kamar na Blue Note.

Mataki na biyu: gano ko mai bugun yana da asalin tef

A ƙasashen Tarayyar Turai, a da haƙƙin mallakar sautin da aka ɗauka yana ƙarewa bayan shekara 50. A watan Nuwamba na 2013 aka mayar da shi shekara 70, amma dokar ba ta waiwayi abin da ya riga ya kuɓuta ba. Sakamakon haka, duk abin da ya fito kafin 1963 kowa na iya buga shi a can ba tare da neman izinin kamfanin asali ba. Kind of Blue yana ciki, Blue Train na John Coltrane yana ciki, haka Time Out na Dave Brubeck. Daga nan ne kamfanoni irin su WaxTime da DOL suke samun abin bugawa.

Ba su karya dokar inda suke ba. Sai dai ba su da mabuɗin ɗakin ajiyar tef. Abin da suke yankawa daga wani kwafi ne na dijital, kuma ba sa faɗa maka wanne. Wasu suna da daɗin ji daidai gwargwado, wasu kuma busassu ne. Mai sifika ƙarama da yake son ya saba da kiɗan ba zai yi kuka ba. Amma mai tara faifai ya tuna araha ba ta ado, kuma ranar da ya tashi sayarwa babu mai zawarcinsu.

Gane su ba wuya. Juya kwalin ka karanta ƙananan rubutun ƙasa. Blue Note da Verve da Impulse! suna hannun Universal. Columbia na Sony ne. Prestige da Riverside da Contemporary suna hannun Concord, wanda ke fitar da su da sunan Craft Recordings. Atlantic kuma na Warner ne, Rhino ke kula da tsofaffin kayansa. In ba ka ga sunan mai kayan ba, ko ka ga an canza hoton kwali, ko an cusa ƙarin kiɗa ɗaya da ba ya cikin asali, ko tambarin kamfanin farko ya ɓace, to ka san inda aka dosa. Masu bin fiyushan sun huta da wannan, tunda kiɗansu bayan 1963 ya zo. Abin da za su yi hattara da shi shi ne faifan wasannin da aka kwafo daga rediyo aka buga ba da izini ba.

Mataki na uku: karanta hanyar da sautin ya biyo

In ka ga AAA a jikin leda, ana nufin analog aka ɗauka, wato a kan tef ba da dijital ba, analog aka haɗa, kuma daga tef kai tsaye aka yanka, kwamfuta ba ta shiga tsakani ba. Jerin Tone Poet na Blue Note, wanda aka fara a 2019 ƙarƙashin Joe Harley, haka yake tafiya, sai inda suka bayyana akasin haka. Jerin Classic Vinyl da ya biyo baya a ƙarshen 2020 ma injiniya Kevin Gray ne ke yanka shi daga tef, kamar Tone Poet, kuma ya fi sauƙin kuɗi don kwalinsa bai kai na Tone Poet ado ba. A ganina nan ne mafi dacewar wurin farawa. Akwai jerin Acoustic Sounds na Verve da Impulse! da ya soma a 2020, da Original Jazz Classics da Craft ya farfaɗo da shi a 2023, da Speakers Corner na Jamus, da Luminessence na ECM.

Yi hattara da dabarar kalmomi. "Daga asalin tef" ba daidai yake da "an yanka daga asalin tef" ba. Ana iya kwafe tef ɗin zuwa dijital yau, a yanka daga kwafin bayan shekara goma, kuma maganar farko ta zauna gaskiya. Kalmar remastered, wato an sake gyara sautin, ita kaɗai ba ta gaya maka komai. Kamfanin da ya yi aikin ƙwarai ba ya rowar bayani: zai faɗi sunan injiniya, da irin tef, da masana'antar da ta buga. In an yi shiru, yawanci dijital ne.

A watan Yulin 2022 wannan magana ta tashi hankalin masu tara faifai, lokacin da ta bayyana cewa Mobile Fidelity, kamfanin da mutane suka ɗauka gidan analog zalla ne, ya daɗe yana kwafe tef zuwa tsarin dijital na DSD kafin ya yanka, tun wajen 2011. Masu saye sun kai ƙara, aka yi sulhu, kuma yanzu kamfanin yana rubuta hanyar sautin a fili. Abin dariya a ciki shi ne, da yawa daga waɗanda suka yi rantsuwa kunnensu na gane dijital daga nesa sun shekara suna yabon waɗannan faifan. Laifin ɓoyewar ne, sautin bai yi wa kowa ƙarya ba. Don haka kada ka mayar da AAA addini. Tef ɗin da ya haura shekara sittin yana iya lalacewa, wasu sun ɓace, wasu kuma gobarar da ta ci rumbun Universal a Kalifoniya ranar 1 ga Yunin 2008 ta tafi da su. Kwafin dijital mai kyau da aka yi daga lafiyayyen tef ya fi yankan analog daga tef na uku ko na huɗu, kamar yadda hoton da aka ɗauka daga jikin wani hoton yake rasa kaifi.

Sannan fiyushan na shekarun 1980 da yawansa dijital aka haife shi. Kamfanin GRP na Dave Grusin da Larry Rosen da wannan ma yake alfahari. A nan babu tef ɗin analog da za a koma wa, kuma ba abin kunya ba ne ka sayi CD ka huta.

Mataki na huɗu: tantance wane haɗin sauti ne a ciki

Kundi ɗaya yana iya samun fuska biyu ko uku. Rudy Van Gelder, wanda ya ɗauki mafi yawan kayan Blue Note da Prestige, da farko a falon iyayensa a Hackensack, daga 1959 kuma a situdiyonsa na Englewood Cliffs, ya fara ɗaukar sitiriyo, wato sauti mai hagu da dama, a 1957. Duk abin da ya riga wannan mono ne, wato sauti dunƙule guda ba hagu ba dama, kuma a mono ya kamata ka ji shi. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanoni sun riƙa ɗaukar tsohon mono suna raba shi biyu da dabarar lantarki, su tura muryoyi masu kauri gefe ɗaya, masu kaifi ɗaya gefen, su ƙara amsa-kuwwa su kira shi sitiriyo. In ka ga an rubuta cewa an sake sarrafa shi ta lantarki don ya yi kamar sitiriyo, ajiye shi.

Daga 1957 zuwa tsakiyar shekarun 1960 zaɓi ne na kunne. Sitiriyon wancan zamani yana jefa masu busa can hagu, ganga can dama, piyano da bes a tsakiya. Wasu suna son faɗin, wasu sun fi son dunƙulallen ƙarfin mono. Da Tone Poet ya fitar da Blue Train a 2022, duka biyun ya buga ya bar wa mai saye.

Kind of Blue yana da nasa labarin. Na'urar da ta ɗauki zaman farko, ranar 2 ga Maris 1959, tana gudu ƙasa da ƙa'ida kaɗan, saboda haka kiɗa ukun da ke fuskar farko a bugun sitiriyo sun ɗan ɗaga sama fiye da yadda aka kaɗa su. Sai a farkon shekarun 1990 aka gyara. Mai tsohon bugu yana jin abin da duniya ta saba da shi shekara talatin, mai sabon yana jin abin da aka kaɗa a ɗaki.

A fiyushan tambayar ta fi nauyi, domin haɗin sautin wani ɓangare ne na kiɗan kansa. Bitches Brew, da aka ɗauka cikin Agustan 1969 aka fitar a 1970, kundin Miles Davis ne, amma furodusa Teo Macero ne ya gina shi da reza da salatif, yana yanka tef yana maimaita wasu sassa, yana ƙara amsa-kuwwa. Akwatin CD da ya fito a 1998 sabon haɗi ne, ba na Macero ba. Ya fi tsabta, kana jin kowane makaɗi, amma wani duhu da ke cikin na asali ya ragu. Akwai kuma haɗin sifika huɗu da Columbia ta yi wa wasu kundaye a shekarun 1970. Kafin ka biya, ka san wanne ne aka buga.

Mataki na biyar: duba wanda ya yanka da inda aka buga

Yankan faifai aikin hannu ne. Injiniya yana zana sautin a kan farantin alminiyam mai laushin shafe, daga nan a fitar da uba na ƙarfe, daga uba a fitar da uwa, daga uwa a fitar da hatimin da zai danna narkakkiyar roba. Shi ke yanke hukuncin yawan bes, da kaifin farantan makaɗin ganga, da ƙarfin murya gaba ɗaya. Kuma yakan sa hannu. Karkata faifan a gaban fitila ka dubi sararin nan mai santsi da ke tsakanin ƙarshen kiɗa da takardar tsakiya. KPG@CA Kevin Gray ne na Cohearent Audio, RKS Ryan K. Smith ne na Sterling Sound, BG kuma Bernie Grundman. A tsofaffi za ka ga RVG ko VAN GELDER, har a faifan CTI na shekarun 1970, waɗanda da yawansu a wurinsa aka ɗauka.

Wannan sararin yana tona asiri iri-iri. Tsohon Blue Note na gaske yana da wata 'yar alama mai kama da kunne, tambarin masana'antar Plastylite, wadda ta ɓace a 1966 bayan kamfanin ya koma hannun Liberty. Faifan da ke da VAN GELDER amma babu kunne bugun baya ne da aka yi da ƙarfen asali, kuma sau da yawa shi ne garaɓasar mai son sauti ba suna ba. Kwafe haruffa da lambobin da ka gani, ka gwada su da abin da ke Discogs, shafin intanet mai jerin bugun faifai, za ka gane ainihin bugun da kake riƙe da shi.

Cikin masana'antun da ake yabo akwai RTI a Kalifoniya, da Quality Record Pressings na Chad Kassem a Salina ta jihar Kansas, da Pallas da Optimal a Jamus. Kowaccensu takan yi tuntuɓe wani lokaci. Kada kuma ka raina tsofaffin sake-bugu: Original Jazz Classics na shekarun 1980 siraran faifai ne marasa kwalliya amma sautinsu na gaskiya ne, kuma bugun Blue Note da kamfanin King ya yi a Japan daga ƙarshen shekarun 1970 ya shahara da shirun roba.

Mataki na shida: giram 180, gudun 45, da akwatuna masu tsada

Nauyin faifai ba ya ƙara zurfin layin sauti. Wannan tun wurin yanka aka gama shi. Giram 180 yana da daɗin riƙewa, shi ke nan.

Gudun 45 kuwa yana da hujja. Allura tana cin doguwar hanya a kowace daƙiƙa, don haka sauti mai kaifi yana samun wuri, musamman kusa da tsakiya inda da'irar ta ƙanƙance, inda busa mai ƙarfi takan yi kaushi. Farashinsa shi ne kundi ɗaya ya koma faifai biyu, kana tashi juyawa bayan kowane kiɗa ɗaya ko biyu. Music Matters da Analogue Productions sun yi suna da wannan. Ga jaz mai gajerun kiɗa yana tafiya. Ga fiyushan mai dogon zango, inda kiɗan Bitches Brew kansa ya kai wajen minti 27 a fuska ɗaya, yanka shi gida biyu ɓarna ce. Doguwar fuska kuma dole a yanka ta da ƙaramar murya don ta shiga, saboda haka in ka ji ta yi ƙasa, ƙara murya kawai, ba aibi ba ne.

Bugun mataki ɗaya, wanda ake tsallake uba da uwa a fitar da hatimi kai tsaye, da manyan akwatuna irin UHQR, suna da kyau. Amma in na'urarka matsakaiciya ce, kuɗin akwati ɗaya ya fi amfani a sabuwar allura da faifai huɗu na jerin Classic.

Mataki na bakwai: sayen na hannu

Sabbin bugu masu iyaka sukan ƙare, farashinsu ya haura a hannun 'yan sari. Kada ka yi gaggawa. Kamfanoni sukan sake bugawa, kuma kundin da ke da farin jini ba ya shekara goma wani bai sake fitar da shi ba. In za ka sayi na hannu, ma'aunin lafiyar faifai na mujallar Goldmine ake amfani da shi: NM kusan sabo, VG+ an ɗan mora amma lafiya lau, VG za ka ji ƙara. Ga piyano mai sanyi irin na Bill Evans ko kayan ECM, kada ka sauka ƙasa da VG+, don shirun da ke tsakanin sautuka rabin kiɗan ne. Kiɗa mai tsawa irin na Mahavishnu yana rufe ƙananan aibobi. Tambayi mai sayarwa ko da ido ya auna ko ya saurara, ka nemi hoton sararin tsakiya, kuma ka roƙe shi ya fitar da faifan daga kwali kafin ya ɗaure kaya, don kada ya tsaga bakin kwalin a hanya. In bugun Japan ne, 'yar takardar nan da ke kewaye kwali, obi, tana ƙara masa daraja, ka tambaya ko tana nan.

Mataki na takwas: ranar da ya iso

Buɗe shi da wuri, tun lokacin mayarwa bai wuce ba. Ɗora shi ya juya ba tare da allura ba, ka sunkuya ka dubi bakinsa: in yana hawa da sauka sosai, ya lanƙwashe. Sa allura ka dubi hannun garmahon: in yana kai-komo hagu da dama, ramin tsakiya ya kauce, kuma dogayen sautukan piyano za su riƙa rawa. In ka ji wani ƙara kamar ana yaga ƙyalle a wuri ɗaya, yawanci kusa da farkon fuska, roba ce ba ta cika hatimi ba. Wanki ba ya maganin wannan, mayarwa ake yi.

Ƙananan ƙaf-ƙaf kuwa sau da yawa ƙurar masana'anta ce da lantarkin da ke manne ta. Sabon faifai ma yana son wanki da ruwan da aka tace da sinadarin da aka yi don haka, ba ruwan famfo ba, ya bushe sarai kafin ka kaɗa. Jefar da rigar takarda mai kaushi ka sa shi cikin mai laushin leda. Auna nauyin allurarka da ƙaramin sikeli ka daidaita da abin da mai ƙera ta ya rubuta, domin allurar da ta yi sakwa-sakwa tana tsalle cikin layi, kuma ta fi mai ɗan nauyi ɓata faifai. Jera su a tsaye, ba a kwance ba, nesa da rana da duk abin da ke fitar da zafi.

In kana da bugu biyu na kundi ɗaya kana son sanin wanda za ka riƙe, daidaita ƙarfin muryarsu kafin ka gwada, don kunne kullum yana zaɓen wanda ya fi ƙara. Saurari bes, ko kana jin kowace tsirkiya daban. Saurari farantan ganga, ko ƙarfe kake ji ko tsaki. Sannan ka bar fuska guda ta tafi har ƙarshe, domin a kiɗan ƙarshe, kusa da takardar tsakiya, mummunan yanka yake bayyana.